Robar Gwiwa

Gola: Alo? Salamu alaikum. Alo, Katanga?

Katanga: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Gola: Au, har ka goge lambata? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a tsaye a bayanka cikin raga yana kwashe ɓarnar da kake yi?

Katanga: Gola! Kai ne? Wallahi rubutun wayar nan ne ba na gani sai da tabarau, tabarau kuma jikoki sun mayar da shi mota. Ina kwana?

Gola: Ina wuni dai, rana ta take. Ya gida? Ya ƙarfin jiki?

Katanga: Alhamdu lillahi. Ya naka iyalin? Ya mai ɗakinka da hawan jinin nata?

Gola: Da sauƙi, tana shan magani in ta ga dama. Ya uwar 'ya'ya?

Katanga: Tana nan ƙalau, ga ta can tana shanya tana faɗa da kaji. Ya faci? Ana samun masu taka ƙusa?

Gola: Ba laifi. Muddin akwai titi, mai faci ba zai zauna banza ba. Ya zaman fansho?

Katanga: Zama dai, daga kujerar falo zuwa ta ƙofar gida. Ya yaranka? Na wajen karatun nan ya gama?

Gola: Ya gama, yana neman aiki. Ya gwiwa?

Katanga: Ya wa?

Gola: Gwiwa! Gwiwarka!

Katanga: Oho. Tana nan. Ita ke gaya min za a yi ruwa tun kafin hadari ya taso. Wai me ya sa kake magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ya shiga gidan surukai?

Gola: Ina bayan shago ne, cikin tsofaffin tayoyi. Wani tif nake nema.

Katanga: To ka nema mana, sai ka kira ni in taya ka?

Gola: Hira ce ta taso min. Laifi ne in tuna da lamba biyar ɗina?

Katanga: Ba laifi. Ai gara da ka kira ma, tun jiya nake neman wanda zan sauke wa haushi. Ka kalli wasan da aka nuna a talabijin?

Gola: Na ga rabi, aka ɗauke wuta.

Katanga: Allah ya taimake ka. Yaro aka shafi kafaɗarsa, wallahi shafa, sai ga shi a ƙasa yana birgima yana riƙe da fuska. Kafaɗa aka taɓa, fuska ya riƙe! Mutum uku suka rugo da jakunkuna, wannan na fesa masa abu, wannan na ba shi ruwa a baki kamar jariri. Da alƙali ya ba da kati, tsam ya miƙe ya fi kowa gudu.

Gola: Ai dabara ce.

Katanga: Dabarar banza. Ga aski kamar zakara, takalmi ƙafa ɗaya kore ƙafa ɗaya ruwan hoda. In sun sauko daga mota kowa ya toshe kunne da abin jin waƙa, ba mai ce wa ɗan'uwansa sannu. Mu fa? A bayan motar kamfanin masaƙar da muke buga wa ƙwallo muke tafiya, a kan dilolin yadi, muna waƙa har filin.

Gola: Kai ne ke waƙar, mu muna haƙuri.

Katanga: Kuma canji! Yanzu rabin ƙungiya ake canzawa. Mutum ya ɗan yi gumi, a ɗaga allo, ya fita yana tafa wa kansa. Mu bencinmu mutum biyu ne a kai, ɗayan ma direban mota ne.

Gola: Haka ne. Amma Katanga, tsakani da Allah, yaran nan suna gudu.

Katanga: Mu tafiya muke yi?

Gola: Wani lokacin har tsayawa. Ka manta Jirgi? Hutun rabin lokaci yana bayan ragata yana zuƙar taba, ya dawo ya yi gudu biyu a gefen layi, sauran wasan hannu a ƙugu.

Katanga: Amma gudun nan biyu, ƙwallo biyu ne.

Gola: Ranar da ya ga dama. Ni kaina, in ka ga wuta ka mayar min da ƙwallo, sai in sunkuya in ɗauke da hannu, in rungume, in kwanta a kai har 'yan kallo su fara zagin iyayena. Golan yanzu an hana shi wannan. Sai ya karɓa da ƙafa, ɗan gaba na kansa, ya ba da ita daidai kamar ɗan tsakiya. Ni da an ce in yi haka ai sai salati.

Katanga: Kai dama ƙafarka ta zuwa kasuwa ce kawai.

Gola: Na yarda. Kai kuma da za a sa ka a wasan yanzu, kafin 'yan kallo su gama zama an ba ka jan kati.

Katanga: Ni ƙwallo nake nema.

Gola: Kana samunta, bayan ka bi ta kan mai ita.

Katanga: Ai wasan maza ke nan! Ƙwallon ma da muke bugawa ta fata ce, mai ɗinki. In ta sha ruwan sama sai ta yi nauyin tulu. Ka sa mata kai, ka ji ƙarar har cikin haƙoranka. Ta yanzu kuwa balan-balan ce, yaro ya hura ta ta shiga raga a ce gwani.

Gola: Alo? Ka ce me? Wata babbar mota ce ta wuce.

Katanga: Na ce balan-balan suke bugawa!

Gola: To. Ai kuwa ka tuna min, na je duba Guduma kwanakin baya.

Katanga: Allah sarki, Guduma. Ba a yi mai sa kai kamarsa ba. Ya jikin nasa?

Gola: Jiki ƙalau, yana cin abinci. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Sai ya ce da ni, ƙarfe nawa za a take wasa, kada mota ta tafi ta bar shi.

Katanga: Subhanallahi.

Gola: 'Yarsa ta kawo mana ruwa, ya ce mata an gode baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke.

Katanga: Tsufa ne.

Gola: Ka girme shi, Katanga.

Katanga: To ai kowa da irin nasa.

Gola: Jirgi kuma sanda biyu yake dogarawa. Ɗansa ya gina bene, ya ware masa ɗaki a sama, bai taɓa ganin cikinsa ba. Ni ga yatsuna, ko maɓallin riga sai mai ɗaki ta sa min. Mu fa da muka fi yaran yanzu ƙarfi, duk ga mu nan.

Katanga: Yau kuma wa'azi ka kira ka yi min? Ai mun buga ne don muna so. Ba likita, ba mai tausa, ba komai, amma mun ɗauko kofi. Waɗannan da ake auna musu abinci a ma'auni, me suka fi mu?

Gola: Ƙila su kai shekarunmu da ƙafafunsu. Shi ya sa ni da na ga yadda gwiwar Auta ta kumbura...

Katanga: Gwiwar wa?

Gola: Alo? Layin nan dai...

Katanga: Layi ƙalau yake. Ina ka ga Auta?

Gola: Ai ƙungiyarsu a garin nan ta sauka. Yau ne wasan ƙarshen, bayan la'asar, ka fi ni sani.

Katanga: Na sani mana, ɗana ne. Tun safe na sa aka juya eriya. Amma suna masauki, kocinsu ba ya barin kowa fita ranar wasa. Me ya kai shi wurinka?

Gola: Gaisuwa.

Katanga: Gola.

Gola: Da gaisuwa, da kuma wani abu. Ina cikin cire taya sai na ga mutum ya sauko daga tasi, ya ja hular sanyi har ido cikin wannan rana. Yana takawa yana ɗan ɗingishi, irin na wanda ba ya so a gane. Ni kuwa na yi shekaru ina kallon ƙafafun mutane daga raga, ba a ɓoye min wannan. Ya durƙusa zai gaishe ni, ƙafar ta ƙi, sai ya ƙarasa a tsaye.

Katanga: Ɗan bugu ne ya samu a wasan da ya wuce. Ya gaya min.

Gola: Me ya gaya maka?

Katanga: Ya kira ni jiya da yamma. Wai likitan ƙungiya ya sa shi a na'ura an ɗauki hoton gwiwar, wai wata jijiya ta ɗan tsage, wai ya huta makonni.

Gola: Ya gaya maka abin da likitan ya ce zai faru in ya buga a haka?

Katanga: Ai su kullum da abin da za su ce.

Gola: Cewa ya yi in ya huta za ta haɗe da kanta. In ya buga ya yi juyi ɗaya ba daidai ba, ta tsinke gaba ɗaya, sai aiki, kuma ba lallai ya dawo yadda yake ba. Kocin kuma ba shi da wani ɗan gaba, sai ya ce shawara tana hannun yaro, in ya iya gudu wajen motsa jiki zai sa shi. Da ya gaya maka, kai me ka ce?

Katanga: Me zan ce? Hira muka yi.

Gola: Ya ce dariya ka yi.

Katanga: To ba abin dariya ba ne? Na ce mu a zamaninmu hoton da muka sani shi ne wanda ake ɗauka da kofi a hannu.

Gola: Sai kuma?

Katanga: Sai na ba shi labarin namu wasan ƙarshen. Ai ya sha ji.

Gola: Ya sha ji yana da ƙafa lafiya. Jiya ya ji shi da kumburarriyar gwiwa. Ka ce masa taka ta fi tasa kumbura, Gola ya yanko tsohon tif na taya ya naɗe maka ita tam, ka buga har aka tashi, ka ɗaga kofi.

Katanga: Ƙarya na yi?

Gola: Ba ka yi ƙarya ba. Ni na yanka, ni na ɗaure, kuma ɗaurin ya yi kyau. Duk ƙungiyar masaƙa ba wanda ban naɗe wa roba ba, daga idon sawu har gwiwa. Abin da muka sani ke nan a lokacin. To shi ya zo nema.

Katanga: Me?

Gola: Roba. Ya ce, Baffa, irin ɗaurin da ka yi wa Baba nake so ka yi min. Ya ce zai sa doguwar safa da bandeji a kai, likitan ba zai gani ba sai an shiga fili.

Katanga: Kai, yaron nan. Ni ban ce ya buga ba.

Gola: Ba ka ce ba.

Katanga: Wallahi ban ce ba. Labari na ba shi.

Gola: Na sani. Amma ka san yadda yake jin maganarka. Tun yana yaro in ya ci ƙwallo ba ya duban 'yan kallo, kai yake nema da ido. Kai kuma me kake ce masa? Da a zamaninmu ne, lamba biyar ba zai bar ka ka juya ba.

Katanga: Don kada kansa ya kumbura ne.

Gola: To kan bai kumbura ba, gwiwa ce ta kumbura. Ya ce da ni, Baffa, kofin nan shi ne wanda Baba ya ɗauka. In na zauna a benci, har ya mutu zai riƙa cewa 'yan yanzu ragwaye ne, kuma ni yake nufi.

Katanga: Haka ya ce?

Gola: Da bakinsa. Bai ɗaga murya ba, yana faɗa yana kallon ƙasa.

Katanga: Ni ba shi nake nufi ba. Na talabijin nake nufi, masu birgima.

Gola: Shi ma a talabijin kake ganinsa. Alo? Kana ji na?

Katanga: Ina ji. Uwarsa ce ta leƙo, na ce mata kai ne. Bari in rufe ƙofa. To, yanzu ya tafi?

Gola: Yana kan bencin shago, gefen bahon ruwan da nake gwada tif. Ya naɗe ƙafar wando har cinya, yana jira. Na ce masa wanda ke hannuna sabo ne, ba ya miƙewa da kyau, bari in duba tsoho a baya. Shi ne na zagayo na kira ka.

Katanga: Ashe tif ɗin da kake nema ke nan.

Gola: Na ma same shi, ga shi a hannuna. Mai kyau ne, irin na da.

Katanga: To ka ce masa babu mana! Ka ce ka manta yadda ake yi.

Gola: Sai ya je wurin wani mai facin a bakin titi, wanda bai taɓa ɗaure ko akuya ba, ya shaƙe masa jini. Yaron ya riga ya ƙudura. Likita ya faɗa bai ji ba, matarsa ta yi kuka a waya bai ji ba. Ni in na hana, ya ce Baffa ya tsufa. Mutum ɗaya ne zai ce masa zauna ya zauna.

Katanga: Namiji ne fa, Gola. Yana da iyali. Ba zan riƙa shiga aikinsa ba.

Gola: Jiya ka shiga.

Katanga: Kuma wa ya sani? Ƙila ya buga lafiya. Ni ai na gama wasana.

Gola: Ka gama. Wanne ka sake bugawa bayansa?

Katanga: Ka san ban sake ba.

Gola: Daga filin a kafaɗa aka ɗauke ka, mutane na zaton murna ce, mu kuwa mun san ba ka iya takawa ne. Da na kwance robar a bayan mota ƙafar ta yi kamar turmi. Masu masaƙa suka cire ka daga kan inji suka ba ka kujera a bakin ƙofa. Kana da ƙuruciyarka fa a lokacin.

Katanga: Kada ka raina min ranar nan, Gola. Ka ji ko? Ita kaɗai gare ni. Har yau in na shiga wurin aski akwai dattijon da zai miƙe ya ce ga Katanga. Wallahi da za a mayar da ni, sai in sake miƙa maka ƙafar.

Gola: Na yarda, kuma da na sake ɗaurewa. Ba wanda zai ƙwace maka kofinka. Ni ma hoton yana manne a shago, duk hayaƙi ya cinye shi. Ba taka nake tambaya ba, taka ta riga ta tafi. Tasa nake tambaya.

Katanga: Hmm.

Gola: Ga roba a hannuna, ga almakashi a aljihu. Motarsu ta kusa barin masauki. Kai ne ubansa, kai ne kuma kyaftin ɗina, ban taɓa musa maka a fili ba. Ka ce ɗaure, in je in ɗaure masa yadda na ɗaure maka, ba zan rage komai ba.

Katanga: Kai mugu ne.

Gola: Gola ne ni. Aikina in tare abin da ya wuce ka.

Katanga: Kumburin, ya kai irin nawa?

Gola: Bai kai ba. Tasa tana da sauran gyara.

Katanga: Jijiyar, ta ciki ce ko ta waje?

Gola: Ta ciki, ƙafar hagu.

Katanga: Hagu? Bai ce min hagu ba ce! Ai ita ce abincinsa!

Gola: Ka tambaye shi?

Katanga: ...Kai masa wayar.

Gola: Ka ce me? Injin iskan maƙwabcina ne ya tashi.

Katanga: Na ce ka kai masa wayar!

Gola: To, riƙe. Bari in tsallake tayoyin nan. Kai, mai babur, dakata min kaɗan, ina zuwa. Auta, ungo, ana magana da kai.

Auta: Wa ye, Baffa? Alo?

Katanga: Ni ne.

Auta: Baba? Ina wuni, Baba. Haba Baffa, ashe abin da ka je yi ke nan.

Katanga: Bar Baffanka. Lafiya lau. Ya ƙafar?

Auta: Da sauƙi sosai. Ta saki. Da safe ma na ɗan yi gudu a barandar masauki.

Katanga: Ka gaida Baffanka a durƙushe?

Auta: Na... na gaishe shi.

Katanga: A durƙushe na ce.

Auta: Baba, zan iya bugawa. Wallahi zan iya. In aka ɗaure ta tam ba zan ji komai ba, kai ma ka faɗa.

Katanga: Na san za ka iya. Da ba za ka iya ba ai da ban ce a ba ka waya ba, da kocinka ya fitar da kai da kansa. Robar nan tana aiki, shi ne matsalarta. Ba za ka ji komai ba sai an tashi.

Auta: Wasa ɗaya ne, Baba. Daga shi sai hutu.

Katanga: Ni ma wasa ɗaya ne. Tsaya in tambaye ka. Lokacin da kake ƙarami, muna unguwa ɗaya da Baffanka, in za mu kai ka filin makaranta, wa ke ɗaure maka igiyar takalmi?

Auta: Baffa ne.

Katanga: Kullum?

Auta: Kullum. Kai kana tsaye kana riƙe da jakata. Ka ce Baffa ya fi kowa iya ɗauri, shi ya sa.

Katanga: Ya iya ɗauri, wannan gaskiya ne. Amma igiyar takalmin yaro ba ta buƙatar gwani. Ƙasa ce ta yi min nisa. Ina tsaye ina kallon wani yana durƙusa wa ɗana, kuma abin yana min ciwo, ya fi gwiwar ciwo.

Auta: Ban sani ba, Baba.

Katanga: Ina za ka sani, kullum labarin kofi nake ba ka. Kofin gaskiya ne, ina alfahari da shi. Wannan ma gaskiya ne. Ka taɓa ganin na yi salla ba a kan kujera ba?

Auta: A'a.

Katanga: To. Matarka ta kusa sauka. Abin da za ta haifa, in Allah ya raya shi, kai za ka durƙusa ka ɗaure masa takalmi. Baffanka ya tsufa, yatsunsa ko maɓalli ba sa iyawa.

Gola: Ina jin ka fa!

Auta: Amma Baba, abokan wasana fa? Tare muka sha wahala har muka kawo nan. In na zauna aka ci mu...

Katanga: In aka ci ku, an ci ku. Akwai kofi baɗi, ba a daina ƙera shi ba. Ka zauna a benci ka yi musu ihu, shi ma aiki ne. Direban motarmu da ihu kawai ya yi suna.

Auta: Mutane za su ce na ji tsoro. Za a ce 'yan yanzu ba sa iya jure komai.

Katanga: Wa ke faɗa? Duk garin nan akwai wanda ya kai ni faɗar haka? To ni na ce ka zauna. Wanda ya ce ragon ɗan wasa ne kai, ka turo min shi in nuna masa gwiwar jarumi, ya gani ko yana so.

Auta: Me zan ce wa koci?

Katanga: Ka ce masa likitansa ya yi gaskiya. In ya matsa, ka ce lamba biyar ɗin masaƙa ya hana. Ba zai san ni ba, amma ka faɗa.

Auta: Baba, da gaske kake? Ba don Baffa ya sa baki ba? Gobe ba za ka ce da a zamaninku ne...

Katanga: Zan faɗa mana, a kan wasu. Bakina ya saba. Amma ba a kanka ba. Ka ji?

Auta: Na ji.

Katanga: Sauke ƙafar wandon. Auta?

Auta: Na sauke, Baba.

Katanga: Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka. Ka hau tasi ka koma kafin a neme ka, kuma ka kira matarka a hanya, ta daina kuka. Zan kalli wasan, in kyamara ta zo kan benci ka ɗago min hannu.

Auta: To, Baba.

Katanga: Tsaya, kada ka ba shi wayar tukuna. Ƙwallon nan da ka ci wancan makon, wadda ka tare da ƙirji ka juya ka buga da hagu ba ta taɓa ƙasa ba.

Auta: Ka ce golansu ne bai iya ba.

Katanga: Golan ya iya. Na sa jikoki sun maimaita min ita a waya har batir ya mutu. A duk zamaninmu babu wanda zai iya wannan, ko Jirgi. Ni da nake lamba biyar, da ka bar ni a zaune. Amma kada ka gaya wa mai facin nan.

Auta: Baba, ai tun ɗazu Baffa ya buɗe muryar wayar. Yana ji.

Gola: Ban ji sosai ba, injin iska ne! Katanga, maimaita! Wa za a bari a zaune?

Katanga: Alo? Alo? Layin nan ba kyau. Ba na jin ku sam.

Gola: Layi ƙalau yake, kai ka faɗa ɗazu! Kyaftin, maimaita mana, ga mai babur ma yana so ya...